Takubban da Muka Binne a Karantina

Ku ajiye wayoyin nan, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan ta fito muku, kuma ba ƙirƙirarriya ba ce, da hannuna aka yi ta. Ke Ruƙayya, tunda ke ce mai karatu, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min baki.

Ɗazu ina kwance ina jin ku kuna kallon wani Bature mai gemu a waya. Ya sa ƙarfe a wuta, ya ɗan bubbuga, kafin shayi ya huce takobi ya fito yana walƙiya har da kubensa. Na ji Anas yana cewa, "Wallahi sahal, ya sitti, ni ma zan iya." Abu mai sauƙi ko? To zauna, Anas. Wancan takobin na mutanen Faikin ne, kuma irinsa na yi wa kube har idona ya dushe, a cikin garin nan na Jidda, a unguwar da yanzu ko katangarta babu.

Ubana baduku ne a Kano. Bai sami ɗa namiji da ya rayu ba, don haka ni ce mai riƙe masa bakin fata in zai yanka. Na daɗe ba a ba ni basilla ba, aikina goge zare da kakin zuma da jiƙa fata. Ranar da ya fara ba ni ɗinki, kuben wuƙar wani mahauci ne. Na gama na miƙa masa, ya juya shi, ya sa wuƙa ya farke shi tun daga baki har ƙasa, ya ce in sake. Bai faɗa min laifin ba. Sai da na sake, na sake, sannan na gane da kaina cewa ina jan zaren da ƙarfin da ba ɗaya ba. Haka ake koyarwa a lokacinmu.

Kwanci tashi aka yi min aure, muka zo aikin hajji da kakanku, muka zauna kamar yadda dubbai suka zauna. Ubanku yana rarrafe Allah ya karɓi ran kakanku. Aka bar ni a unguwar Karantina da goyo, ba iƙama, wato takardar zama, ba dangi, sai basilla da wuƙar dukanci da na ƙunso a cikin zane tun daga gida.

A nan na san Malam Idi maƙeri. Mutumin Damagaram ne, dogo, baƙi, marar iyali, yana da 'yar rumfar kwano a bayan masu sayar da gawayi. Wuƙaƙen mahauta yake ƙerawa da ƙarfen sifirin na mota, in layya ta matso ba ya samun sukuni. Na je na tsaya a bakin rumfarsa na ce ina ɗinka kube. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Daga ina?" Na ce Kano. Ya ce, "Ashsha. Bakanuwa kuma? Za ki ɗinka min kube ki sayar min da wuƙata." Na ce, "In Badamagare ya iya ƙera wuƙar da za a yi sha'awar sacewa, ai sai a yi murna." Ya yi dariya har ya saki zugazugi, ya miƙo min wuƙa guda ya ce in gwada. Daga ranar shi ke ƙera, ni ke suturtawa, har ubanku ya girma ya zama direba, ya sami kafili, uban gidan da ke tsaya masa a hukuma, da iƙama, ya haife ku.

Ana nan, ana nan, sai ga Bakur. Shi haifaffen nan ne, ɗan ƙasa, amma kakarsa Bahaushiya ce, na san ta tana sayar da gyaɗa. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai mayar tana fito masa a karye. Yana da mahal, wato shago, a Sharafiyya na kayan ado da tsoffin kaya: butocin gahawa, turaren wuta, takubban rawa. Ya zo rumfar Malam Idi yana toshe hanci da gefen gutrarsa, ƙyallen nan da suke yafawa a ka, ya nuna mana hoto a waya, ya ce, "Ammi Idi, kai iya wannan? Shabab, samari, duka suna so, suna gani a talabijin."

Malam Idi ya daɗe yana duban hoton. Can ya ce, "Wannan ai takobin Azbinawa ne aka gajarce masa ƙota." Bakur ya ce a'a, na Faikin ne, wasu mutane na can ƙarshen arewa inda ruwa ke daskarewa, masu yawo a jirgin ruwa, sun shuɗe fiye da shekara dubu. Ya ce har azurfar Larabawa ake tonowa a kaburburansu, don sun yi ciniki da Musulmi. Ya ce in jarumi ya mutu da takobinsa ake binne shi, wani lokaci ma sai an lanƙwasa takobin tukuna. Malam Idi ya ce, "Ashe su ma suna da almubazzarai."

Bari in gaya muku siffarsa, don hoton waya ba ya nuna nauyi. Miƙaƙƙe ne, baki biyu, da kwari mai faɗi da ya bi tsakiyarsa kamar hanyar ruwa, don a rage masa nauyi. Ƙotar gajeriya ce, faɗin tafin hannu ɗaya tak. A ƙarshenta akwai dunƙulen ƙarfe mai kawuna kamar an dunƙule yatsu, shi ke daidaita nauyin, in babu shi takobin ya riƙa jan hannu ƙasa. Na farkon da Malam Idi ya ƙera, Bakur ya ƙi shi. Ya ce na gaske suna da zane a jikin ƙarfen kamar igiyar ruwa. Ba zane ake yi ba, ashe. Sanduna ake haɗawa, ƙarfe mai taushi da mai tauri, a murɗe su kamar tufkar igiya, a narke su wuri guda da guduma, sannan a shimfiɗa. In wuta ta yi kaɗan ba su kama juna ba, in ta yi yawa sun ƙone. Wata da watanni Malam Idi yana ɓata ƙarfe. A zafin Jidda, Anas, a ƙarƙashin kwano, gumi na zuba a kan uwar maƙera yana cewa cuu. Na ga ranar da ya ɗaga wani da ya yi kusan gamawa, ya ƙwanƙwasa shi, ya ji ƙarar ba ta fita daidai ba, ya jefar da shi bayan rumfa. Farcen babban yatsansa na hagu bai sake tsirowa ba tun daga wannan koyon.

Nawa aikin kuwa, sai da na manta da rabin abin da ubana ya koya min. Kuben farko na yi shi ja wur da karan dafi, na yi masa zanen gidanmu a baki, na sa masa tuntu. Na kai da alfahari. Bakur ya riƙe shi da yatsa biyu ya ce, "La la la, ya khala. Wannan Afirka. Faikin ba su san ja ba." Ya nuna min wani hoto, abu ɗan fari-fari ba ado, kamar ba a gama ba. Na koma na kwance ɗinkin.

Ga yadda ake yinsa. Ana fere katako biyu sirara, a rarake cikinsu daidai kwancin takobin. Ni akwatunan kayan marmari nake tsintowa a kasuwa, ina zaɓen wanda ba shi da ido. Sai a samo buzun tunkiya, a sausaye gashin ya zama gajere, a liƙa shi a ciki gashin yana duban ƙarfe. Gashin nan shi ke riƙe takobi kada ya zame, maiƙonsa kuma ya kare shi. Danƙon liƙi da kaina nake dafawa da guntayen fata, warinsa har maƙwabta suna zagi. A haɗa katakon, a naɗe da farin ƙyalle, sannan a kawo fatar akuya jiƙaƙƙiya a ɗinke ta baya da basilla biyu. A nan gwaninta take, domin fata tana tsukewa in ta bushe, kuma ba ta gaya miki iyakar tsukewarta. In kin ja da yawa, gobe takobi ya ƙi fita ko da ƙato ne ya ja. In kin sassauta, ya riƙa rawa a ciki. Kube mai kyau, ki kifa shi ƙasa takobi bai faɗo ba, ki sa yatsa biyu ki ja ya biyo ki. Ƙota kuma sai an naɗa igiya a kan itace, a rufe da fata mai laushi, a ɗaure tam har ta bushe, sannan sawun igiyar ya fito hannu ya sami makama. Fatar da kaina nake jemewa da bagaruwar da matan Sudan ke kawowa. Ku dubi yatsuna. Ba tsufa ne ya karkace su ba.

Wani aiki da ba na mantawa, na wani saurayi ne ɗan masu hali, ya aske gefen kansa ya kitse tsakiya irin na mutanen talabijin ɗin. Ranar na kai kaya mahal, ina zaune a ƙasa daga gefen ƙofa ina jiran Bakur ya sallame ni. Saurayin ya zare takobin, ya mayar, ya sake zarewa, yana jin daɗin yadda kuben ke haɗiye shi ba ƙara. Ya tambayi Bakur wa ya yi. Bakur ya ce wani tsohon gwani ne a ƙasar ƙanƙara, shi da matarsa, ba sa yin da yawa a shekara. Saurayin ya sumbaci kuben. Da zai fita ya yi tuntuɓe da ƙafata, ya juya ya ce wa Bakur bai kamata a bar mabarata suna tare bakin mahal ba. Bakur ya ce, "Abshir," wato an gama. Da na gaya wa Malam Idi, sai ya ce, "To ke matar gwanin ƙanƙara, miƙo min awartaki." Wannan ita ce sana'ar: hannunki ya shiga manyan majalisai ya hau bango, ke kuwa ki tsaya a waje.

Binnewa ta samo asali ne daga masu saye. Suka fara cewa walƙiyar ta yi yawa, kamar abin wasan yara. Na gaske da ke gidajen tarihi baƙaƙe ne, tsatsa ta ci su ta yi musu ramuka, don daga kabari da ƙasan kogi aka tono su. Irin wannan suke so. Bakur ya kawo ruwan batir aka gwada, ya ci ƙarfen bai ɗaya, kowa ya gani ya san ƙarya ce. Malam Idi ne ya ce a bar ƙasa ta yi aikinta. Ƙasar Karantina gishiri ce, in ka haƙa kamu ɗaya danshi ya tarye ka. Sai ya riƙa ɗiga kakin zuma nan da can a jikin takobi don tsatsar ta ci wani wuri ta bar wani, ya naɗe shi da tsumma, ya binne. Yana kiran abin shuka. In ya tono ɗaya ya duba sai ya ce, "Bai nuna ba," ya mayar. Yakan ɗauki watanni. In ya nuna, ya wanke, ya goge, ni kuma in sabunta fatar ƙotar da ta ruɓe, in yi masa kube in dafe shi da hayaƙi.

Rumfarsa daɓen siminti ce, don haka a tsakar gidanmu ake shukar, a gindin katanga inda nake shanya. Gidan kuwa da sunan ubanku aka kama haya, tunda shi kaɗai ne mai iƙama a cikinmu. Ku riƙe wannan.

Sai shekarar rusau ta zo. Kun tuna ta, amma kuna yara, ku abin da kuka riƙe shi ne hawa mota da katifa. Aka zo aka shafa jan fenti a katangarmu, aka ce kowa ya tashi. Aka yanke wuta, aka yanke ruwa. Unguwar da mutane suka haihu suka aurar a cikinta ta koma kamar kasuwar da ta watse, kowa na cire ƙofa da taga yana ɗorawa a dabbab, 'yar motar kayan nan. A lokacin muna da takubba goma sha wani abu a ƙasa, odar Bakur ce, mafi yawa da muka taɓa shukawa.

Na ce wa Malam Idi, "Tone su." Ya tono ɗaya, ya kankare da farce, ya ce, "Ba su nuna ba." Na ce, "Maƙeri, gari ake rushewa, kai kana zancen nuna?" Ya ce, "To na tone. In kai su ina? Kowace hanya ta fita akwai masu duba takardu. Baƙin tsoho ba iƙama, da buhun takubba a bayan kamyo. Ke za ki zauna a kansu ki ce musu rake ne?" Gaskiya ya faɗa. Muka kira Bakur, domin shi yana da motar mahal da takardar mahal, in shi ya ɗauka kayan ado ne, in mu muka ɗauka makamai ne. Ya ce, "Bukra, inshallah, ku bar su nan, ni zo da kaina." Gobe ta yi ya ce jibi. Muka mayar da ƙasa muka daddale, na ɗora tsohuwar tabarma a kai. Muka kwashe ku muka koma Waziriyya, mu duka a ɗaki biyu. Malam Idi ya sayar da uwar maƙerarsa a kilo, don ba mai ɗaukar masa ita, ya raɓa da wasu 'yan garinsu a bayan wani garejin gyaran mota.

Bakur bai je ba. Katafila ce ta je. Da ta kafa haƙoranta a gindin katangarmu sai ga su sun fito a jere, a naɗe da tsumma kamar gawarwaki. Ma'aikata suka tsaya, aka kira hukuma. Ku sa kanku a matsayinsu: takubba a binne, a unguwar baƙi, a gidan da aka tashi aka bari. Aka nemi mai gidan, mai gidan ya ce ga sunan ɗan haya. Da hantsi suka je har wajen aikin ubanku suka ɗauke shi daga cikin motar kafilinsa. Kafilin ya aiko cewa shi ba ruwansa da mai ɓoye makami, in ba a wanke shi da wuri ba zai soke iƙamar. In aka soke, ba ubanku kaɗai za a fitar ba. Ku duka kuna ƙarƙashin takardarsa, ku da uwarku, ku da ba ku taɓa ganin Kano ba, ba ku iya ko gaisuwarta daidai ba.

Magana ɗaya ce za ta kashe wutar: Bakur ya je ya ce kayan mahal ɗinsa ne, na ado ne, shi ya sa a yi. Na sa abayata na hau mota zuwa Sharafiyya. Na same shi yana nuna wa wani mutum butar gahawa. Na jira har ya gama, na ce, "Bakur, an kama ɗana a kan kayanka."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce da Larabci, "Na'am ya hajja? Wace hidima?"

Na ce, "Da Hausa nake maka magana, kuma kana ji. Takubbanka da ka ce gobe."

Ya ce, har yanzu da Larabci, shi kayansa daga waje suke zuwa a kwantena, yana da takardunsu. Bai san wani maƙeri ba, bai taɓa sa wanda ba shi da iƙama aiki ba, wannan babban laifi ne da ke rufe mahal. A bayan kansa, a bango, akwai kube biyu da na ɗinka, ina ganin sawun basillata daga inda nake tsaye.

Na ce, "Na san kakarka tana tallan gyaɗa a bakin masallaci. Ni na kama mata tire ranar da ƙafarta ta kumbura."

Ya waiwaya ya ga mutumin ya fita. Ya sunkuyo, ya sassauta murya, Hausar ta dawo masa. Ya ce, "Khala, tafi. Don Allah tafi. Ni da yara."

Na ce, "Shi ma da yara."

Ya ce, "Halas," wato magana ta ƙare, ya buɗe min ƙofa da hannunsa.

Daga nan bayan gareji na nufa. An idar da azahar, Malam Idi yana zaune a kan tayar mota yana gyara wa wani bakin almakashi da magagari, abin da ya rage masa ke nan na kayan aiki. Bai ɗago ba ya ce, "Me ɗan gyaɗar ya ce?" Na ce ya ce bai san mu ba. Ya ci gaba da gugar almakashin har ya gama, ya gwada shi a gefen rigarsa, ya miƙa wa mai shi. Sannan ya ce, "To ai takubban da mai su."

Na gane kansa zai kai wa hukuma. Na ce, "Ba ka da ko guntuwar takarda. In ka shiga wurin nan ba za ka fito ta ƙofar da ka shiga ba."

Ya ce, "Na sani. Amma ke Bakanuwa, a ina kika taɓa jin Badamagare ya yi aiki ya bar ɗan Kano ya ci sunan? Yaron nan ko ƙusa bai iya miƙewa ba, a ce shi ya ƙera takobi mai igiyar ruwa? Wannan cin mutunci ne."

'Yan garinsu suka taso masa, wannan na cewa ya yi haƙuri, wancan na cewa shekara arba'in fa, wa ya sani a can gida. Ya ce musu, "Ni kaina ɗaya ne, jirgi ba zai yi nauyi ba. Wajen yaron nan kuwa gida guda ne." Ya shiga ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Ya sa magagarin a aljihu da wani dunƙulen ƙota da bai gama ba, don su gani su yarda. Igiyar takalminsa ta tsinke tun wajen tashi, yana ja da ita. Na ce ya cire. Na zauna a kan tayar na fito da basilla na ɗinke masa, na ninka zaren. Ya sa, ya taka, ya ce, "Wannan dai ba za ki kai wa Bakur ya ce daga ƙanƙara ya zo ba." Ya tafi da ƙafa har bakin titi.

Abin da ya faru a ciki, daga bakin ubanku na ji, sau ɗaya, bai ƙara ba. Malam Idi ya ce musu shi ya ƙera, shi ya binne, ɗan hayan bai san komai ba sai tuƙi. Ya ce su duba, ba ɗaya mai kaifi, ya ja bakin ɗaya a tafin hannunsa a gabansu. Suka kwatanta dunƙulen aljihunsa da na takubban suka ga hannu ɗaya ne. Suka tambaye shi wa yake yi wa. Ya ce duk wanda ya saya. Suka tambaye shi wa ke naɗa ƙota da fata. Ya ce shi ne, da can ya taɓa dukanci. Mutumin da ko zare bai iya sa wa a basilla ba. Ba su wulaƙanta shi ba, an ce har shayi suka ba shi. Suka gamsu kayan ado ne, suka saki ubanku, kafili ya dawo da shi bakin aiki. Sannan suka ce wa Malam Idi, "Iƙama?" Ya buɗe musu hannuwansa. Aka wuce da shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga can sai jirgi.

Tun daga nan ban ƙara ɗinka kube ba. Kube ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai da abin da za a sa a ciki.

Bakur yana nan a Sharafiyya, ya haɗe mahal ɗin maƙwabcinsa da nasa. Yanzu da gaske a kwantena takubbansa ke zuwa, na inji, masu ƙyalli, kubensu roba ce da aka yi wa kamannin fata. An ce ciniki ya fi na da.

Takubban ban san inda suke ba. Wani ya ce an narkar da su, wani ya ce suna wani sito.

Ni ga ni, kuna gani. In zik ɗin jakar makarantarku ya lalace ku kawo, shi ma da laluben hannu.

Malam Idi ya sauka Damagaram ya tarar duk wanda ya sani ya mutu. Wani ɗan ƙanensa ya ba shi zaure, yana wasa wa mata wuƙaƙen girki, yara na kiransa ɗan Makka. Sau ɗaya ya aiko min da murya ta wayar wani. Bai tambayi lafiyata ba, bai faɗi tasa ba. Cewa ya yi, in da wanda zai isa wurin mutanen hukumar nan, a gaya musu su shafa wa takubban mai, domin ƙarfen da aka tono daga gishiri in ba a shafe shi ba tsatsar ba ta tsayawa, ci take yi har ta gama da shi. Damina biyu ya yi a can, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ubanku kuwa yana nan da iƙamarsa, yana tuƙi, anjima zai shigo muku da ledar burodi. Kun girma a garin nan, kun yi makaranta a garin nan, kuna ce min sitti maimakon kaka. Bai taɓa faɗa muku sunan mutumin ba, na sani, don na jira na gaji. To yau kun ji shi. Sunansa Idi.

Nan ta tsaya. Ruƙayya, rufe littafin.